Luwiziyana: jihar da kogi ya haifa, teku kuma yake cinyewa

In ka ɗauko taswirar jihar Luwiziyana ta wajen 1930 ka ɗora ta a kan ta yau, ƙasan taswirar ba zai yi daidai ba. Ba yaƙi aka yi ba kuma babu wanda ya matsar da iyaka, ƙasar ce da kanta take tafiya. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta auna daga 1932 zuwa 2016 ta ga kusan murabba'in kilomita 5,000 na gaɓar jihar ya koma ruwa, ka ga kenan abin da ya fi faɗin jihar Legas gaba ɗayanta, har da gonaki da maƙabartu da ƙauyukan masunta a ciki. Yawancin mutane in an ambaci wurin nan kiɗan jaz da bikin Mardi Gras da guguwar Katrina suke tunawa, ni kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda dabarar da ta raya jihar shekara 300, wato ɗaure kogin Misisifi, ita ce dai yau take kashe ta, kuma mutanen wurin sun sani sarai amma sun kasa haɗa kai a kan mafita.

Jihar tana can kudancin Amurka ne a bakin tekun Mekziko, Texas na yammacinta, Arkansas na arewa, jihar Misisifi na gabas. Mutanenta wajen miliyan 4.6 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙaƙen fata. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ƙwarai, wurin da ya fi ko'ina tudu a duk faɗin jihar, Driskill, tsayinsa mita 163 ne kacal, shi kuwa birnin New Orleans kusan rabinsa yana ƙasa da saman teku. Arewacin jihar dajin itatuwa ne da gonakin auduga da 'yan Furotesta irin na sauran kudancin Amurka, kudancin kuwa wata duniya ce daban, rake da shinkafa da fadama da Katolika da ragowar Faransanci. A arewa maso gabas akwai Poverty Point, inda mutanen asalin ƙasar suka tara manyan tuddan ƙasa da kwando fiye da shekara 3,000 da suka wuce, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

To yanzu kogin. Misisifi yana kwaso ruwan kusan kashi 41 cikin 100 na babban yankin Amurka, daga jihohi 31 da larduna biyu na Kanada, duk ya zo ya matse ya fita ta Luwiziyana. Kuma ba ruwa kawai yake kawowa ba, laka yake kawowa, ƙasar gonakin Iowa da yashin Montana da sauransu. Duk manomin fadama ya san cewa in ruwa ya yi ambaliya ya janye yakan bar sabuwar ƙasa mai taki a baya, to haka ɗin nan kogin ya yi ta yi kusan shekara 7,000 har ya gina duk kudancin jihar. In ya cika wani gefe da laka hanyarsa ta yi tsawo, sai wata shekara ya fasa ta inda ya fi gangara ya koma can, kusan duk bayan shekara dubu yakan canja hanya haka. Ita kuma wannan sabuwar ƙasa danya ce, kullum tana lotsawa saboda nauyin kanta, abin da ke riƙe da ita kawai shi ne duk shekara ana ƙara mata wata lakar a sama. Ka riƙe wannan, domin komai na labarin a kansa yake.

Bafaranshe La Salle ne ya biyo kogin har bakinsa a 1682 ya ce duk ƙasar da ruwan nan ke bi ta zama ta sarkinsu Louis na 14. A 1718 Bienville ya kafa New Orleans a wani lanƙwason kogin, wuri mai sauro da ambaliya, amma duk wanda ya riƙe shi ya riƙe ƙofar shiga tsakiyar nahiyar. Tun shekarun farko ruwa ya fara shigo musu gari, sai suka fara tara ƙasa suna yin jinga a bakin kogin, gwamnatin mulkin mallaka ma ta wajabta wa duk wanda aka ba fili a bakin ruwa ya gina jingar gabansa. Wa ya yi aikin? Bayi. Jiragen farko daga Afirka sun iso a 1719, kuma a zamanin Faransa kusan mutum 6,000 aka kawo, kashi biyu cikin uku daga yankin Senegal da Gambiya, ciki har da Bambara da Wolof. An kawo irin shinkafa tare da su domin sun iya nomanta, kuma shinkafar nan ce ta taimaka wajen hana ƙaramar mallakar mutuwa da yunwa. Har yau abincin da jihar ke alfahari da shi, gumbo, miya ce mai kauri da ake yawan yi da kuɓewa a zuba a kan shinkafa, duk ɗan Afirka ta Yamma da ya gani zai gane danginta.

Daga nan ƙasar ta yi ta canja hannu. Faransa ta miƙa wa Sifaniya a 1762, a zamanin Sifaniyan ne Faransawan da Ingila ta koro daga gabashin Kanada tun 1755 suka yi ta zuwa suna zama a fadamun kudu maso yamma, jikokinsu su ne 'yan Kejun na yau. A 1800 Napoleon ya karɓo ta a asirce, da burin Luwiziyana ta riƙa ciyar da gonakin rakensa na tsibirin da yanzu ake kira Haiti. Sai bayin Haiti da suka yi tawaye tun 1791, tare da zazzaɓin shawara, suka gama da rundunar da ya tura. Shugaban Amurka Jefferson birnin New Orleans kawai ya aika a sayo masa, sai Faransa ta ce a ɗauki duka, dala miliyan 15, a 1803, kusan senti 3 kowace eka, Amurka ta ninka girmanta a dare ɗaya. Gaskiya abu biyu ya kamata a riƙa faɗa a nan wanda ba a cika faɗa ba: baƙaƙen Haiti ne suka tilasta cinikin, sannan mafi yawan ƙasar da aka sayar ɗin ba Faransawa ke zaune a kanta ba, ta ƙabilun asali ce da ba a tambaye su ba. An yanki ƙasan yankin aka mai da shi jiha ta 18 ran 30 ga Afrilu 1812.

Arzikin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne, kuma a kan bayan mutane aka yi shi. Tun 1795 da aka gane yadda za a riƙa dafa sukari mai tsaba a can, bakin kogin ya cika da gonakin rake, aikin da ya fi kowanne kashe bayi. A Janairun 1811 ɗaruruwansu suka tashi ƙarƙashin Charles Deslondes suka nufi New Orleans, tawayen bayi mafi girma a tarihin Amurka, aka murƙushe su cikin kwanaki aka sare kawunan da yawa aka kafa a kan sanduna a bisa jingar kogin don sauran su gani. Zuwa 1840 New Orleans ce birni na uku a girma a ƙasar, kuma kasuwar bayi mafi girma. Bayan yaƙin basasa jihar ta samu baƙar fata na farko da ya taɓa zama gwamna a Amurka, P.B.S. Pinchback, na 'yan makonni a ƙarshen 1872, sai kuma abin ya juye, daga nan ne shari'ar Homer Plessy ta fito wadda kotun ƙoli ta yi amfani da ita a 1896 ta halatta wariyar launin fata har kusan shekara 60. Babban gidan yarin jihar, Angola, tsohuwar gonar bayi ce mai eka 18,000, har yanzu fursunoni na noma a cikinta, kuma jihar na cikin waɗanda suka fi ɗaure mutane a duk Amurka.

Wannan cakuɗar tarihin ce ta sa ta fita daban. Sauran jihohi kusan duka gundumomi suke da su, ita nata yankunan guda 64 daga rabon coci na zamanin Katolika suka samo asali. Dokokinta na gado da aure da ciniki daga tsarin Faransa da Sifaniya suke, ita kaɗai a cikin 50 ɗin, don haka ta wannan fuskar lauyan Yamai zai fi saurin gane su a kan lauyan Kaduna. Faransanci kuwa an danne shi, tsarin mulkin jihar na 1921 ya ce Turanci kaɗai a makaranta, aka riƙa hukunta yaran Kejun in sun yi harshen gida, sai a 1968 aka kafa hukumar farfaɗo da shi bayan an riga an yi asara mai yawa. Ginin majalisarta a Baton Rouge mai hawa 34 shi ne mafi tsawo a cikin na jihohi, gwamna Huey Long ne ya sa aka gina, a cikinsa kuma aka harbe shi a 1935.

Mu koma ruwa. 1927 ita ce shekarar da ta canja komai. Kogin ya fasa jinga a wurare da dama ya mamaye wajen murabba'in kilomita 70,000 a jihohi da yawa, sama da mutum 600,000 suka bar gidajensu. Manyan bankuna da 'yan kasuwan New Orleans suka tsorata, suka matsa wa hukuma aka sa nakiya aka fasa jingar Caernarvon a ƙasan birnin don ruwan ya samu wurin fita, aka nutsar da yankunan St. Bernard da Plaquemines inda talakawa masunta da masu farautar fata suke, kusan mutum 10,000, da alƙawarin za a biya kowa. Daga baya aka gane ma fasawar ba ta zama dole ba saboda jinga ta riga ta fashe can sama, diyyar kuma abin da yawancinsu suka samu bai taka kara ya karya ba. Mutanen yankin ba su manta ba har gobe.

Bayan haka majalisar Amurka ta yi dokar 1928 ta damƙa kogin a hannun rundunar injiniyoyin soja, su kuma suka ɗaure shi tamau da jinga daga sama har kusan bakin teku. Ta fuskar kare rayuka aikin ya yi, wannan ba a musu. Amma lakar da a da take bazuwa cikin fadama yanzu an mai da ita ta bi hanya ɗaya ɗoɗar ta je ta zube cikin zurfin teku inda ba ta amfanar kowa, ga shi kuma madatsun ruwan da aka gina can sama musamman a kogin Missouri sun tare wajen rabin lakar tun kafin ta iso. Ƙasa na ci gaba da lotsawa, babu mai ƙara mata. Shi kuma kogin lokacin canja hanyarsa ya yi, yana son ya koma ta kogin Atchafalaya wanda hanyarsa zuwa teku ba ta kai rabin ta yanzu ba. Da an bar shi da Baton Rouge da New Orleans sun wayi gari a bakin ruwan gishiri mara gudu, tashoshin jiragen da ke fitar da fiye da rabin hatsin da Amurka ke sayarwa waje su mutu, matatun mai su rasa ruwa. Shi ya sa a 1963 aka kammala wasu manyan ƙofofin kankare a Old River da ke raba ruwan, kashi 70 ya bi tsohuwar hanya kashi 30 ya bi Atchafalaya. A ambaliyar 1973 ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashin ginin har wani bango ya rufta, saura ƙiris kogin ya ƙwace. Abin lura kuma shi ne bakin Atchafalaya ɗin nan, inda aka bar ruwa da laka suna fita yadda suke so, yana cikin 'yan wuraren da sabuwar ƙasa ke tsirowa a gaɓar jihar yau.

Sai mai ya zo ya ƙara. An fara haƙo shi a Jennings a 1901, a 1947 kuma a tekun Luwiziyana aka haƙa rijiyar farko da ba a hango tudu daga wurinta. Don kai injuna da shimfiɗa bututu kamfanoni suka yayyanka fadamar da hanyoyin ruwa na dubban kilomita, ruwan gishiri ya bi ta nan ya shigo ya kashe ciyawa da itatuwan da saiwarsu ke riƙe da ƙasar, bakin hanyoyin ya yi ta zaizayewa suna faɗaɗa, zuƙe mai da gas daga ƙarƙashi kuma ya ƙara saurin lotsawar a wasu wuraren. Duk wanda ya san abin da ke faruwa a Neja Delta ba sai an yi masa dogon bayani ba, bakin babban kogi ne mai arzikin mai da talakawan masunta, kuɗin na tafiya wani wuri ɓarnar na zama. Luwiziyana ce kan gaba a Amurka wajen fitar da iskar gas ta jirgin ruwa, amma a jerin talauci kullum tana cikin na sahun gaba. Tsakanin Baton Rouge da New Orleans, tafiyar kusan kilomita 135, masana'antun sinadarai fiye da 100 ne jere a kan tsofaffin gonakin rake, maƙwabtansu kuma galibi jikokin bayin da suka nome gonakin ne, kuma an daɗe ana kokawa da yawan cutar daji a yankin. Wannan abu yana min ciwo wallahi, domin gado ne na zalunci da ba a taɓa yanke shi ba.

Shi kansa birnin New Orleans injinan zuƙe ruwa da injiniya Baldwin Wood ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20 su suka ba da damar busar da fadamar bayan gari aka gina unguwanni, ƙasar da ta bushe kuma sai ta ƙanƙance ta nutse, tsakiyar gari ta koma ƙasa da kogi da tafkin da ke kewaye da ita. Ran 29 ga Agusta 2005 Katrina ta zo. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfin guguwa ne kawai, amma bincike ya nuna wasu bangayen sun faɗi tun ruwa bai kai tsayin da aka ce za su iya ɗauka ba, kuskuren zane da gini ne, rundunar injiniyoyin ma ta amsa hakan a 2006. An samu fashewa a fiye da wuri 50, kashi 80 na birnin ya shiga ruwa, sama da mutum 1,300 suka mutu, yawanci tsofaffi da marasa motar gudu. Birnin da ke da mutum 484,000 a 2000 ya koma wajen 384,000 a ƙidayar 2020. An kashe dala biliyan 14 da wani abu an sake gina katangar, kuma da guguwar Ida ta zo a 2021, a rana ɗaya da ta Katrina, katangar ta riƙe. Sai dai waɗanda ke wajen katangar fa? Tsibirin Jean Charles na 'yan ƙabilun asali ya rasa kashi 98 na ƙasarsa tun 1955, a 2016 gwamnatin tarayya ta ba da dala miliyan 48 don a kwashe mutanen zuwa tudu. Kuɗin inshorar gida kuma ya hau har wasu na barin kudancin jihar ba don ruwa ya shigo musu ba tukuna.

Bayan Katrina jihar ta kafa hukumar kula da gaɓar teku ta fito da shirin shekara 50 na dala biliyan 50. Kuɗi masu kauri sun zo ne ta hanyar wata masifar, fashewar injin haƙa na Deepwater Horizon a rijiyar kamfanin mai na BP a Afrilun 2010, wadda ta kashe ma'aikata 11 ta yi kwana 87 tana tsiyayar da mai. Babban aikin shirin shi ne Mid-Barataria, a buɗe ƙofa a jikin jingar a yankin Plaquemines a riƙa sakin ruwa da laka cikin fadamar Barataria lokacin da kogi ya cika, wato a mayar wa kogin wani ɓangare na tsohon aikinsa. Kusan dala biliyan 3, ana sa ran ya gina wajen murabba'in kilomita 54 cikin shekara 50. An aza harsashi a Agustan 2023, a Yulin 2025 gwamnatin jihar ƙarƙashin gwamna Jeff Landry ta soke shi bayan an riga an kashe ɗaruruwan miliyoyi.

Masu adawa da aikin ba mahaukata ba ne, kuma bai kamata a raina su ba. Masu kamun kawa da jatan lande ne, sana'ar kaka da kakanni, kuma su kansu masu shirin sun yarda ruwan daɗin da za a saki zai kashe kawar wurin ya kori jatan landen, wasu gidajen da ke wajen jinga kuma ruwa zai ƙaru musu. Kuma yankin nan dai shi ne wanda aka fasa wa jinga a 1927 aka yi musu alƙawarin da ba a cika ba, in yau wani ya sake zuwa daga birni yana cewa a fasa jinga don amfanin kowa za a biya ku, me kake tsammani za su ce? Su sun fi son a riƙa yaso laka da inji ana turo ta ta bututu ana cike wuraren da suka nutse, abin da ake yi ɗin yanzu kuma yana ba da sakamako da sauri.

Ni dai a ganina soke aikin kuskure ne babba. Ƙasar da aka cike da inji daga ranar da aka gama take fara lotsawa, bayan shekara 20 ko 30 sai an sake biyan wani kuɗin, kuɗin BP kuwa a farkon shekarun 2030 zai ƙare, shi kuma kogi duk shekara yana kawo lakar kyauta ana kallonta tana wucewa. Ruwan gishirin da kawa ke jin daɗinsa a Barataria yau ma alama ce ta cewa fadamar na mutuwa, kakannin masuntan nan can ƙasa kusa da teku suke kamun nasu, in aka bar abin haka 'ya'yansu buɗaɗɗen teku za su gada. An ware kusan dala miliyan 380 don rage wa al'ummomin raɗaɗi, ni ina ganin da an ninka wannan, an sa kuɗin a hannun mutane tun kafin a kafa ƙarfe ɗaya, an zaunar da masuntan a teburin da ake yanke lokacin buɗe ƙofa da rufe ta, da wataƙila yanzu ana cikin gini. Gwamnatin ta ce za ta duba wata ƙofar ƙarama a wajen Myrtle Grove, wadda ruwan da za ta saka bai kusa da na aikin da aka soke ba.